Tsaga Biyar a Wuyan Goran Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga mahaihiyarta, ina roƙon Allah shi sa kina cikin sauƙi da haske inda kike.

Inna, abu guda nake biɗa wurinki, bari in faɗe shi tun yanzu kamin bakina shi yi nauyi. Ki sake ni daga alkawarin da niy yi miki. Ina son in kai takwararki gulbi ta koyi iyo, ni ma in koya. Ranar Alhamis ne da hantsi. Yau Litinin. Tsoro nake ji ƙwarai. In na tahi tsoro, in na zauna tsoro, kuma ba wanda zai kwance min wanga ƙulli in ba ke ba.

Kin san ban yi boko ba, ko sunana ba ni iya rubutawa. Malama Rabi ce zaune gabana bisa tabarma, ina faɗi tana rubutawa cikin wayarta. Na ce mata kada ta gyara min magana, ta bar ta yadda tah hito. Ta ce in na yarda za ta sa ta inda mutane suke karantawa, na kuwa yarda. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, addu'a ce kaɗai ke zuwa. Amma gaban mutane niy yi alkawarin, gara in kwance shi gaban mutane.

Kwana biyu kamin ki rasu ne, cikin ɗakinki na Alelu, bayan la'asar. Ina da cikin wata bakwai. Baba na zaune bakin ƙofa, maƙwabta biyu na gindin gado. Kinka riƙe wuyan hannuna, ba ki dube ni ba, don ke dama ba ki duban idona. Kinka ce, "Ke da abin da ke cikin nan, ruwa iyakarku idon sawu." Nic ce to. Kinka ce in ce wallahi. Nic ce. Sannan kinka saki hannuna kinka juya huskarki bango. Ban tambaye ki dalili ba. Wa ke tambayar uwa dalili tana cikin wancan hali?

Ba sabuwar magana ba ce ma. Tun ina ƙarama haka kike. In mun tahi wanki bakin gulbi, sauran mata na shiga har ƙugu, ke kuwa ki ɗebo ruwa da ƙwarya ki koma can bisa tudu ki yi wankinki. Rannan nib bi yara nis shiga har gwiwa, kinka ja kunnena tun daga bakin ruwa har gida. Kwana uku ina kwana bisa kunne guda. Ni duk zatona tsoron ruwa kike yi. Har dariya nake miki cikin raina, in ce babbar mace kamar Inna, da kafaɗu kamar na mai dakan haya, tana gudun ruwa kamar akuya.

Akwai abin da nake gani lokacin ban gane ba. In gulbi ya cika da damina, sai ki tsaya da tulu bisa kai kina kallon tsakiyarshi, kin manta da ni. Yatsun ƙafarki su riƙa motsi cikin yashi. In na ja zanenki sai ki zabura ki ce, "Ke wagga, mu tahi."

Ke wagga. Haka kike kirana har kinka bar duniya. Ba ki taɓa kiran sunana ba ko sau guda. Kowa ya ce kunyar ɗiyar fari ce, ni ma nic ce ita ce. Da nih haihu anka sa ma yarinyar sunanki, ni ma ban kiran sunan, Ummi nake ce mata. Gidanmu dai suna biyu ne ba su hita baki, naki da nawa.

Bari in gaya miki abin da yat tada maganar.

Bana da kaka, ruwa bai gama janyewa ba, maigida na ƙetare shina dashen albasa. Nis shiga jirgin hito zan kai mai abinci, ƙanwar Ummi na goye bayana, Ummi na zaune gehen jirgi. Shekararta shida yanzu, Inna, ba ki gan ta ba, kafaɗunki ne sak. Muna tsakiyar gulbi takalminta ɗaya yas suɓuce cikin ruwa. Tam miƙa hannu. Ban ji ko ƙara ba, sai wurin zamanta nig gani babu kowa.

Na miƙe tsaye. Wannan shi ne duk abin da niy yi. Na miƙe tsaye da goyo ina kuwwa, jirgi na tangaɗi, mata na ja na in zauna kada in kihe da su. Ina ganin kitson ɗiyata shina nutsewa shina tasowa, ga ta nan kusa, bai hi tsawon tabarma biyu ba, amma jikina bai san abin da ake yi da ruwa ba. Wata tsohuwa mai tallan kihi, ban san ta ba, ita tas sulale cikin ruwan da zanenta da komi, tat taso da yarinyar riƙe da kitso. Anka kwantar da ita bisa ciki tay yi aman ruwa, tay yi kuka, sannan tat tambayi ina takalminta. Tsohuwar na matse zane tad dube ni tac ce, "Ɗiyar wa ce ke, kina zaune bakin gulbi ba ki san ruwa ba?" Ashe ni kaina ban san amsar ba.

Na zaci daga ranar yarinyar za ta tsani ruwa. Ina! Cewa tay yi ruwan ya ɗauke ta kamar goyo. In na zuba mata ruwan wanka cikin baho sai ta kwanta bisa ciki tana harba ƙafa. Sau biyu ina kamo ta ta bi yara sun nuhi gulbi. Na biyun nij ja kunnenta tun daga bakin ruwa har gida, muna shiga zaure nig ga hannuna, sai nig ga naki. Niz zauna niy yi ta kuka, ita ce ma tad dawo tana ba ni haƙuri.

Kuma gona na ƙetare, Inna. Ba za ta dawo wanga gehe ba don ni. Jirgin nan za mu shige shi bana, mu shige shi baɗi.

Ana nan sai ga Malama Rabi da wasu 'yan mata biyu 'yan babbar makaranta daga Aliero sun yi sallama. Ta ce aikin da sunka sa kansu shi ne bin garuruwa, Jega, Aliero, Maiyama da ƙauyukansu, suna biɗar tsohi su ba su labarin wasannin da anka yi da, na waɗanda ba a yi ma kiɗa ba. Ta ce 'yan kokawa maza da 'yan dambe kowa ya san sunansu, makaɗa sun riƙe musu. Amma mata da sunka yi langa da kokawa da tsere, da guragun da ke buga ƙwallo da hannu, in tsohinsu sun mutu shi ke nan, kamar ba a yi ba. Wani bawan Allah ya ba su aron zaure a Jega Magaji, nan suke tara kaya da hotuna da muryoyi.

Nic ce mata ai sun ɓata hanya, gidanmu ba mai wasa. Tac ce wata tsohuwa can Kuberi, Gwaggo Hajo, ta ba su labarin wata yarinya da ake ce ma Tarwaɗa, wadda ba a taɓa riga ta ƙetare gulbi ba, anka yi mata aure Alelu. Sun bi sawu har wurin Baba. Baba ya dai sunkuyar da kai yac ce su zo wurina, goran na hannuna.

Inna, dariya niy yi. Nic ce uwata da ke wanki bisa tudu?

Goran kuwa kin san shi. Babban nan baƙi da hayaƙi ya dahe, wanda ke rataye ɗakinki kina aje ma Baba irin albasa ciki, kin toshe bakin da tsumma. Shi nir roƙa da anka raba kayanki, don ƙamshin ɗakinki na jikinshi. Ni ma irin albasa nake zubawa. Na ga tsaga bakwai a wuyanshi, nic ce cikin raina ai Inna shekarun iri take ƙirgawa, duk shekarar da ta zuba sabo ta yi tsaga. To ni ma sai nic ci gaba daga inda kinka tsaya. Duk shekara in na zuba sabon iri in ɗauki wuƙa in ƙara guda. Biyar niy yi. Ina yi ina jin daɗi, wai ina riƙe miki al'ada.

Ban gaya ma Malama haka ba ranar. Na juye irin cikin ƙwarya nib ba su goran aro, ina jiran su dawo su ce ba shi ba ne.

Ranar da sunka tara tsohin anka ce in zo. Zauren cike da mata, ga tabarmi, ga goro. Jikin bango hotunan tsohi, kowace da abin da tay yi an rubuta ƙasa. Ga wata ɗamara ta fata wai ta wata 'yar kokawa ce daga wajen Maiyama, ga duwatsun carafke cikin faranti sun yi sulɓi don hannu. Surukuwata ma ta zo, ashe gwanar langa ce, ni ban taɓa ji ba, shekara bakwai muna gida ɗaya. Can tsakiya bisa tebur ga goranki an goge shi shina ƙyalli. Ɗaya daga 'yan matan ta ƙirga tsagar ta rubuta a takarda, ta karanta muna da ƙarhi, wai Tarwaɗa ta ci tsere sau goma sha biyu.

Sai wata 'yar ƙaramar tsohuwa daga kusurwa, ba haƙori ko ɗaya bakinta, tac ce ƙarya ne. Ita ce Gwaggo Hajo. Tac ce, "Bakwai ne. Ni nas sani, don duk bakwai ɗin ni ce bayanta ina shan ruwan ƙafarta." Zaure yak kwashe da dariya. Tac ce a miƙo mata goran. Idonta ba shi gani sosai, da babban yatsa tab bi wuyan. Ta ce waɗanga bakwai a karkace suke, hannun Magajiyar 'yan mata ne, da askarta. Waɗanga biyar kuwa a miƙe, ta ce wanga ai yankan albasa ne. Tas sa hanci bakin goran tas shinshina, tag girgiza kai tac ce, "Tarwaɗa, tashi ki ga an mai da ke rumbu."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina iya yin shiru, ba wanda ya sani. Amma sai nig ga ƙarya ce za a rataya bisa kanki kina kabari, kuma da hannuna. Nim miƙe da goyo, nic ce ni ce, ni niy yi biyar ɗin, shekarun iri nake ƙirgawa. Wasu sunka yi dariya, wasu sunka yi salati. Gwaggo Hajo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce in matso. Ta shafa huskata, ta shafa kafaɗuna, sannan tak kira sunanki gatsau, yadda ake kiran yarinya sa'a. Ban taɓa jin an kira shi haka ba.

Ita tab ba ni ke, Inna. Wadda ban sani ba.

Ta ce ku 'yan bakin gulbi ne, gidan masunta, kin iya ruwa kamin ki iya daka. Bayan an gama girbi, ruwa ya fara sauka, 'yan matan wanga gehe da na wancan su haɗu da hantsi. Kowace da goranta, ta kihe shi ƙarƙashin ƙirji, ta yi ta harba ƙafa har ƙetare, ta tsinko kara guda ta riƙe da haƙori ta dawo. Ba ganga, ba maroƙi. Ƙwarya ake kihewa bisa ruwa tsohi na bugawa, shi ne kiɗanku. Wadda tar riga, Magajiya ta yi mata tsaga a wuyan gora gaban kowa. Ba a yi ma kai, ko an ci. Ta ce ke in kin shiga ruwa ba ki fantsama, sai dai a ga kai na tahiya. Ta ce wata shekara kin tsaya tsakiyar gulbi kina jiranta, kina tambayarta ko ta gaji ki goya ta, sannan kinka wuce kinka ci. Ta ce har yau ba ta yahe miki wannan ba. Tana faɗi tana dariya, hawaye na bin ramukan kumatunta.

Inna, ke ce mai wannan tsiwar? Ke da ba a jin muryarki daga zaure?

Da mutane sunka fara watsewa tat tambaye ni sunana. Nic ce Saratu. Hannunta yat tsaya bisa kafaɗata. Sannan tac ce Malama ta kashe wayar, wanga ba na bango ba ne. Ni ce yau nic ce a rubuta, don ɗiyata ta san shi wata rana.

Ta ce kina da ƙanwa Saratu, ke kinka goye ta, ke kinka koya mata ruwa. Duk inda kinka sa ƙafa nan take sa tata. Shekarar da tab biyo bayan tsaga ta bakwai, bayan an sa ranar aurenki, yarinyar tac ce ita za ta gaje ki. Ba ta jira ruwa shi sauka ba. Ta ɗauki goranki da sahe ita kaɗai tas shiga gulbi cike, don ta gwada kanta kamin ranar tsere. Goran yad dawo bakin gaɓa, ita ba ta dawo ba. Ta ce kin yini cikin ruwa kina nutso kina tasowa, har maza sunka hid da ke da ƙarhi. Daga ranar ba a sake ganin ruwa ya wuce idon sawunki ba. Tseren ma bai daɗe ba yam mutu, iyaye sunka hana.

Shi ne na gane. Ba kunyar ɗiyar fari kaɗai ba ce. Ke kinka roƙi Baba a sa min sunan, sannan bakinki yak kasa ɗaukarshi. Shekara goma sha bakwai muna tare kina ce min ke wagga, ni kuwa wani lokacin har hushi nake yi, in ce Inna ba ta so na kamar sauran. Ki yahe min wannan ma. Da na sani, da na riƙa amsawa da sauri.

Kuma goran da yad dawo ba ita, ba ki fasa shi ba. Kin rataye shi inda za ki gan shi kullum in kin buɗe ido. Kin cika shi da iri.

Nig gaya ma Gwaggo alkawarin, nig gaya mata abin da yaf faru cikin jirgi. Ta ce ba za ta zage ki ba, don ita ta ga idonki ranar. Amma ta ce Saratu ba iya ruwa yak kashe ta ba, shiga ita kaɗai ne, ruwa cike, ba babba bisa gaɓa. Ta ce ku da kunka koya, tsohi huɗu ke tsayawa cikin ruwa su kewaye yara, ba a barin ko ɗaya ta wuce su. Sannan taɗ ɗora yatsana bisa tsagata biyar tac ce, "Waɗanga ba su kankaruwa. Ko dai su zauna ƙarya, ko ki shiga ruwa ki mai da su gaskiya." Ta ce ba tsere take nuhi ba, wa zan tsere ma? In ƙetare sau biyar da ƙirjina bisa gora, ko da shekara biyar zan yi ina koyo. Ta ce kada in ɓata lokaci, don ita ba ta da shekara biyar ɗin.

Daga wannan maganar ne abin yat tashi. Tsohin da sunka iya ruwa sunka ce tun da an tara labari, a tara yara ma. Yanzu rani ya yi, ruwa ya sauka. Akwai wani wuri mai yashi ƙasa da mashigin jirgi, ruwan iyakarshi ƙugu. Mai unguwa ya yarda ranar Alhamis da hantsi wurin na mata ne, maza su bi ta sama. Da riga da wando za a shiga. Tsohuwar nan mai kihi da tac ceci Ummi, Malama ta gano ta, tana cikin masu tsayawa. An yanko sababbin goruna ƙanana na yara. Naki shina zaure bisa tebur, sun gyara takardar, bakwai sunka rubuta. Ƙasa sun ƙara cewa biyar ɗin na ɗiyarta ne, ba ta cika su ba tukuna. Malama ta karanta min. Kunya kamar ta kashe ni, amma na ce a bar shi.

Na aiki maigida wurin Malam shi tambayo min hukuncin rantsuwar. Malam ya ce in mutum ya rantse kan abu sannan ya ga wanda yah hi shi alheri, shi yi kaffara shi bi alherin. Na yi azumi uku, na gama ranar Asabar, ga goyo ga zahi. Wajen Allah ina fata an warware. Amma Malam ba shi yar riƙe wuyan hannuna ba. Har yanzu in na duba wurin sai in ji yatsunki.

Shi ya sa niz zo gare ki. Ba gardama nake miki ba. Na san abin da kinka gani, ni ma na ga rabinshi daga cikin jirgi, kuma rabin nan ya ishe ni har in mutu. Ke kin ga ruwa ya ɗauki wadda ta iya, kinka ce kada mu iya. Ni na ga ya ɗauki wadda ba ta iya ba, uwarta na tsaye tana kallo. Abu guda muke gudu ni da ke. In wata rana jirgi ya sake tangaɗi, ba kullum ake samun mai tallan kihi ciki ba.

Kuma yarinyar nan za ta shiga, Inna, ko na yarda ko ban yarda ba. Jininki ne. In na hana ta, ranar da na juya baya za ta tahi ita kaɗai da sahe, kamar wadda anka sa min sunanta. Gara ta shiga ina nan, tsohi huɗu na kewaye da ita.

Ni ce ma abin tausayi. Jiya na gwada sa huskata cikin ƙwaryar ruwa in ga ko zan iya riƙe numfashi, ban kai ƙirga biyar ba niɗ ɗago ina tari. Ummi na gehe tana min dariya, ba ta san dalili ba, wai Mama na wanka kamar kaza. Gwaggo Hajo ta ce haka ɗiyan gwanaye suke, ta ce za ta zauna bisa gaɓa da ƙwarya tana buga min, in na nutse ta ce ɗiyar Tarwaɗa ta koma gida. Bakinta ba shi da kyau, Inna, ban san yadda kinka yi ƙawance da ita ba.

Da kina nan da ke za ki riƙe min ciki. Na sha tunanin wannan kwanakin nan. Hannun nan naki mai kaushi da ke cuɗa min baya, ashe ya san yadda ake ɗora yaro bisa ruwa, ni ban taɓa samu ba. Ba ƙorahi nake ba. Kin ba ni abin da kinka iya bayarwa. Amma ranar Alhamis in ruwa ya wuce idon sawuna, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, zan ce cikin raina Inna ta sake ni. Ina roƙonki kada ya zama ƙarya ta shida niy yi miki.

Allah shi jiƙan ki, Inna. Allah shi yalwata kabarinki, shi sanyaya miki shi kamar inuwar bakin gulbi. Allah shi jiƙan Saratu babba, shi haɗa ku inda ba rabuwa, ki kira sunanta har ki gaji. Allah shi tsare takwararki da ƙanwarta da ɗiyan mutane duka, cikin ruwa da bisa tudu. Allah shi ba Gwaggo Hajo kwanan da za ta ga ko tsaga guda ta zama gaskiya. Amin.

Ni ce ɗiyarki,
Saratu, ke wagga.

Na manta ban gaya miki waɗanda sunka sani ba, kada ki ce ɓoye niy yi. Maigida ya sani, ya ce shi zai riƙe jinjira bakin gona har mu hito. Surukuwata ta sani, ita ce ma tad ɗinka muna wandunan. Maƙwabtan nan biyu da ke gindin gado ranar, ɗaya ta rasu, ɗayar na aika mata. Ummi ce ban gaya ma ba tukuna, sai na gaya miki, yanzu in Malama ta tashi zan kira ta.

Baba kuwa da ƙafata nit tahi Alelu ranar Juma'a. Na ishe shi shina gyaran igiya gindin iccen bedi. Na durƙusa na faɗa mai duka, ina jiran faɗa. Bai ɗago ba har nig gama. Sannan yac ce ranar tsaga ta bakwai shina bisa tudun sama da mashigi, ya zo kasuwa da jaki, ya ga kai guda ya riga sauran, da kara a baki. Ya ce shekara talatin bai gaya ma kowa ba, ko ke. Ya ce ranar Alhamis ba za shi matso ba tun da wurin na mata ne, amma tudun na nan, kuma nan za shi tsaya.